Yadda Ake Gano Duniyoyin da Ido Ba Ya Gani

Mun koya a aji cewa duniyoyi takwas ne ke zagaya Rana. To, ita ma Rana tauraruwa ce, kusancinta da mu ne ya sa ta fi sauran girma a idonmu. Da yawa daga cikin taurarin da muke gani da dare suna da nasu duniyoyin. A 1995 masana biyu 'yan ƙasar Suwizalan, Michel Mayor da Didier Queloz, suka gano ta farko da ke zagaya tauraro irin Rana. Zuwa 2022 adadin ya haura 5,000.

Ta yaya ake gano su, alhali suna da nisa kuma ba su da hasken kansu? Mu ɗauka an kunna fitila da dare a ƙarshen filin ƙwallo, sai ƙwaro ya gifta ta gabanta. Ba za mu ga ƙwaron ba, amma hasken zai ɗan dusashe. Haka ma idan wata duniya ta gifta ta gaban tauraronta, na'urar hangen nesa takan auna raguwar haskensa. In raguwar tana maimaituwa a kan kari, misali duk kwana goma, masana sun san akwai abin da ke zagayawa. Yawan raguwar yana nuna girman duniyar, tazarar kwanakin kuma tana nuna nisanta daga tauraron. Aikin yana buƙatar natsuwa, domin duniya irin tamu ba ta rage ko kashi 1 cikin 10,000 na hasken tauraro irin Rana. Da wannan dabarar na'urar Kepler, wadda Amurka ta harba a 2009, ta gano duniyoyi sama da 2,600.

Shin za a iya rayuwa a cikinsu? Abu na farko da ake dubawa shi ne ruwa. Idan duniya ta matsa kusa da tauraronta ruwan zai ƙafe, idan ta yi nisa sosai ya daskare. A 2017 an sanar da cewa tauraron TRAPPIST-1 yana da duniyoyi bakwai masu girma kusan kamar tamu, uku daga ciki suna tsaka-tsaki.

Sai dai nisa kaɗai bai isa ba. Gamzaki da muke gani da asuba duniya ce da ta kusa kai tamu girma, amma iskarta mai kauri tana riƙe zafi har ya kai kimanin digiri 460. Shi ya sa na'urar James Webb, da aka harba a 2021, take binciken iskar waɗannan duniyoyi.

Har yau ba a tabbatar da samun rai a ko ɗaya ba. Hasken TRAPPIST-1 ma sai ya yi tafiyar kusan shekara 40 kafin ya iso mana. Don haka ba mu da wurin ƙaura, wannan duniyar ce gidanmu, mu kula da ruwanta da iskarta.