Ambaliya a Bata: Dalilinta da Maganinta

Bata mahaɗar hanyoyi ce tsakanin Fagge da Sabon Gari, ta kuwa sami sunanta daga kantin takalma na kamfanin Bata. Kasuwar Sabon Gari da ta Singa suna daura da ita, Kantin Kwari ma ba nisa. Saboda haka in ruwa ya kwanta a nan, ba mazaunan wurin kaɗai ke shan wuya ba, cinikin Kano ne ya ke tsayawa. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari, ya ɓata atamfofi da yadudduka masu ɗimbin yawa.

Inda ruwan ya ke nufa

Ruwan saman da ke sauka a wannan yanki mafitarsa ita ce rafin Jakara. Rafin nan ya taso daga cikin birni kusa da Kasuwar Kurmi, ya bi ta gefen Fagge da Sabon Gari, ya gamu da rafin Getsi, sa'an nan ya zuba a madatsar Wasai cikin ƙasar Minjibir. Kowane lambatu na Bata ɗan aike ne zuwa gare shi. In an toshe guda, sai ruwa ya nemi wata hanya, watau titi da rumfunan mutane.

Abin da ya kawo ɓarna

Sa'ad da aka yanka filayen Sabon Gari, bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, mutane kaɗan ne, ƙasa kuwa tana shanye ruwa. Kududdufan da aka haƙa don ƙasar gini su ne ke riƙe rarar, har ta tsotse a hankali. Daga baya aka cike yawancinsu aka yi gini a kai, aka lulluɓe fili da kwalta da siminti. Ga kuma shara da leda da yashi sun cika kwalbatoci, waɗansu 'yan kasuwa har sun kafa teburansu a bisa lambatu. Don haka ruwan sa'a guda a watan Agusta ya isa ya hana mota wucewa.

Gwamnatin Kano ta 2011 zuwa 2015 ta soma rufe rafin Jakara da kankare, da shimfiɗa titi a kansa. Amma fa magudanar da aka rufe ta fi buɗaɗɗiya bukatar kulawa, gama ba a ganin cikarta sai ta yi amai.

Aikin hakimai da magatakarda

Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Ya kamata kowane hakimi ya sa masu unguwanni su zaga tun cikin Afrilu, kafin ruwan fari, su ƙirga lambatun da suka toshe da gine-ginen da suka hau hanyar ruwa. Magatakarda ya rubuta wurin, da ranar, da zurfin da ruwa ya kai bara, a aika wa Ƙaramar Hukuma da hukumar kwashe shara ta REMASAB. Lalle ne yashin da aka yaso a kwashe shi ran nan. In aka bar shi a bakin lambatu, ruwan farko ke mai da shi ciki.

Sha'anin zaɓe

Hakimi uban kowa ne, ba shi da jam'iyya. Duk da haka daidai ne ya fahimtar da talakawa cewa lambatu, ko da ya ke ba shi da kyan gani kamar gadar sama, shi ne ke tsare dukiyarsu. In ɗan takara ya zo neman ƙuri'a, su tambaye shi abu uku: wace magudana zai gyara, nawa za a riƙa warewa kowace shekara don yasa, wa kuma zai hana gini a kan sauran kududdufai. Magatakarda ya rubuta amsar ya ajiye, domin a duba ta in damina ta zagayo. Rigakafi dai ya fi magani.