Kwamfutar Jama'a Zanen Aro Ce

Ɗakin karatun da nake aiki a nan Tambuwal ba ya cika irin yadda yake cika idan jarrabawar JAMB ta ƙarato, kuma ba littafi ke kawo jama'ar ba. Kwamfutoci uku ne a kusurwa, ɗaya ma sai an lallashe ta take tashi. Tun 2015 da hukumar ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, yaron da bai taɓa riƙe linzaminta ba dole ya nemi inda zai saba hannu. Suna zuwa daga Dogon Daji da Jabo da Sanyinna, wasu har daga Kuchi ta ƙasar Kebbe, kowa da takardunsa a leda.

Bara wani yaro daga can wajen Kebbe ya zauna ya yi ta fama har ya yi gumi. Na matsa na tambaye shi lafiya. Ya ce, "Malam, wanga abu ya ƙi buɗewa." Imel ɗinsa yake son shiga. Na ce ina kalmar sirrin? Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan kakan kakansa. Mai shagon kwamfuta ne ya buɗe masa shekara guda da ta wuce, shi ya zaɓi kalmar, kuma lambar wayarsa ya saka a gurbin da ake aiko saƙon ceto idan an manta. Mai shagon ya tashi, an ce yana Legas. Ba damfara aka yi wa yaron ba, gaggawa ce kawai ta mai layin mutum ashirin a bayansa. Amma sakamakon ɗaya ne: ɗaki nasa, mabuɗi a aljihun wani.

Yawancin asarar da nake gani ta wannan ƙofar take shigowa. Mutane sun ɗauka ɓarawon intanet wani hatsabibi ne da ke fasa kwamfuta daga Turai. Akwai irinsa, amma ba shi ne ke damun mai sayar da albasa ko ɗalibin sakandare ba. Mu da hannunmu muke miƙa mabuɗin, ko don kunya, ko don sauri, ko don ganin cewa abin na masu boko ne.

Don haka idan wani zai buɗe maka imel, babu laifi, amma ka tsaya a kansa. Lambar wayarka za a saka, ba tasa ba. In an zo wajen kalmar sirri, ya matsa ka rubuta da kanka, ko da yatsa ɗaya ne. Kada ta zama sunanka da shekarar haihuwa. Haɗa kalmomi uku ko huɗu marasa dangantaka, ka sirka da lamba, ka rubuta a littafin da ke gida, ba a bayan jakar waya ba. Shi kuma layin, a riƙe shi da kyau. Da shi ɗalibi ke tura lambarsa ta NIN zuwa 55019 ya karɓi lambar rajistar JAMB, da shi banki ke aiko saƙo, kuma idan ya daɗe a yashe kamfani na iya sake sayar da lambar ga wani. Wanda ya gaji lambarka ya gaji saƙonninka.

Da yamma, in an watse, nakan zagaya kwamfutocin kafin in kashe. Abin da nake tararwa ya isa a buɗe asusun banki da sunan rabin unguwa: takardun NIN da aka yi wa hoto, sakamakon WAEC, hotunan fasfo, duk a jibge a ma'ajiyar abubuwan da aka sauke. Facebook ɗin wata a buɗe, imel ɗin wani a buɗe. Sun danna alamar rufewa da ke kusurwar sama sun ɗauka shi ke nan. Wannan janyo ƙofa ne, ba kullewa ba; sai ka nemo inda aka ce a fita daga asusun ka danna. In kwamfutar ta tambaya ko ta adana maka kalmar sirri, a kwamfutar jama'a amsar a'a ce kullum. Mai amfani da Chrome ya danna Ctrl da Shift da N tare, zai sami tagar da ba ta ajiye tarihin shigarsa bayan ya rufe, sai dai fayil ɗin da ya sauke yana nan daram, dole ya goge shi da kansa, da Shift da Delete don kada ya koma kwandon shara ya kwanta. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Ta waya kuwa, salon da ya fi cin mutane a 'yan shekarun nan ba ya buƙatar wata fasaha. Za a kira ka da ladabi, a yi sallama, a ambaci sunanka, a ce za a yi taron ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko na masallaci, an turo maka lamba shida, ka karanto. Lambar nan ita ce WhatsApp ke aikowa don tabbatar da mai layi. Kana karantawa asusun ya koma hannunsa, kafin la'asar ya bi 'yan'uwanka ɗaya bayan ɗaya da sunanka, wai kana asibiti a taimaka. Maganin yana cikin saitin manhajar, inda ake kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka zaɓi wata lamba shida da kai kaɗai ka sani. Minti biyu ne aikin. Haka banki: ba ya kira ya nemi lambar katinka ko lambar da ya turo maka. BVN, da aka fito da ita a 2014, ba abar karanta wa baƙo ba ce. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tura dattawa da yawa wajen masu POS ba shiri, har yau kuma ina ganin wanda ya naɗe katinsa da takardar da ya rubuta lambar sirri a kai, ya ba jika ya je ya ciro. Ranar da katin ya faɗi a kasuwa, da mabuɗinsa ya faɗi.

Saƙonnin tallafi da ke yawo, masu cewa ka cike fom ka tura wa mutum goma, duba adireshin tukuna: shafukan gwamnati da gov.ng suke ƙarewa. Masu alkawarin ninka kuɗi kuma, MMM ta durƙushe a ƙarshen 2016, CBEX ta bi ta a 2025, suna kawai ake sauyawa.

Ni ma ban tsira ba, kada a ce mai wa'azi ya manta kansa. Wata shida na yi ina shigar da sunayen littattafanmu a kwamfuta, kwafi ɗaya tak, a kan filashi. Na ara wa wani ya je ya buga takarda a shago, ya dawo da ita, na soka, sai na ga duk fayilolin sun rikiɗe sun zama 'yan alamomi masu kibiya. Cutar kwamfuta ce, ɓoye fayil take yi ta bar tarko a gurbinsa, wanda ya danna ya shafa wa kwamfutarsa. Na danna. Wani mai gyara ya ceto kusan rabi, sauran na sake bi shiryayye bayan shiryayye.

Abin ya fi ba ni kunya saboda ƙasar da nake zaune. Garin nan mazaunin Muhammadu Buhari ɗan Shehu ne, kuma malaman wancan zamani ba su da firinta, amma Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Bello da Tazyinul Waraƙat na Abdullahin Gwandu sun iso mu. Dalili shi ne ba a bar su kwafi ɗaya ba. Almajiri ya kwafa ya tafi da shi garinsu, wani ya kwafa daga nasa. Gara ta ci na nan, gobara ta cinye na can, na uku yana cikin gafaka a wani ƙauye. Irin waɗannan ne Waziri Junaidu ya tattara, ake kuma adana su a cibiyar tarihi mai sunansa a Sakkwato. Yanzu kundina yana wuri uku: a kwamfuta, a filashin da ba na ara wa kowa, da wanda nake tura wa kaina ta imel duk Alhamis. Yatsana kuma ya saba da Ctrl da S, don wutar nan ba ta sallama kafin ta tafi.

Shi yaron Kebbe, kwana huɗu aka yi kafin a samo lambar mai shagon ta hannun wani ƙanensa. Ya ɗauka yana cikin hayaniyar mota, ya karanto lambar da aka tura masa, muka shiga, muka cire layinsa muka sa na yaron. Da aka zo wajen sabuwar kalmar sirri sai yaron ya turo min allon rubutun. Na mayar masa, na juya baya ina kallon taga har ya gama.