Daƙiƙa Takwas: Yadda Zaman Mahayi Ke Ƙara wa Keke Gudu

Ranar 23 ga Yuli, 1989, aka shiga zangon ƙarshe na gasar tseren keke ta Tour de France a ƙasar Faransa. Laurent Fignon, ɗan ƙasar, yana gaban Ba'amurke Greg LeMond da daƙiƙa 50, saura kilomita 24.5 kacal a kammala. LeMond ya ɗaura wasu ƙarafa biyu a hannun kekensa, ya kwantar da ƙirji, ya haɗe damatsansa a gaba, ya kuma sa hular kwano mai tsini ta baya. Fignon kuwa ya fito kai ba hula, hannuwa a buɗe. Da aka tattara lissafi, LeMond ne ya lashe gasar da ratar daƙiƙa 8, bayan tafiyar da ta haura kilomita 3,200.

Asirin abin yana ga iska. Duk abin da ke ratsa iska, ita ma tana tura shi baya. Idan gudu ya ninka biyu, wannan turjiya takan ninka huɗu, ƙarfin da ake bukata don ratsa ta kuwa ya ninka takwas. Kaso mafi yawa na turjiyar daga jikin mahayi yake fitowa. Saboda haka duk wanda ya sunkuya ya tsuke gwiwoyin hannu ya rage faɗin da iska ke duka.

Amma sunkuyo yana da iyaka. In ya yi yawa, cinya kan matse ciki, numfashi ya taƙaita, ƙarfin taka feda ya ragu.

Tsayin sirdi ma abin lura ne. Wata ƙa'ida da ake jingina wa LeMond ta ce a auna ƙafa daga matsematsi zuwa ƙasa, a ninka da 0.883. Sakamakon shi ne nisan da ya dace daga tsakiyar gindin feda zuwa saman sirdi. Alal misali, mai ƙafar santimita 80 zai sami kusan santimita 71. In sirdi ya yi ƙasa, gaban gwiwa kan yi ciwo. In ya yi sama, ƙugu ya riƙa rangaji.

Ɗalibin da ba shi da abin awo yana iya ɗora dunduniya a kan feda lokacin da ta sauka ƙasa. Idan ƙafa ta miƙe sarai ba tare da ƙugu ya karkata ba, to sirdi ya zauna daidai.