Yadda kwamfuta ke gano hanya mafi kusa tsakanin wurare biyu

A duk lokacin da direba ya tambayi taswirar da ke cikin wayarsa hanyar zuwa wani wuri, amsa kan fito tun kafin ya gyara zama. Tushen wannan amsa wani lissafi ne da aka ƙirƙiro a birnin Amsterdam na ƙasar Holan a shekarar 1956, wanda kuma har yanzu masu rubuta manhajar kwamfuta ke dogaro da shi.

Masana na kiran irin wannan lissafi algoridim, wato jerin matakai da ake bi ɗaya bayan ɗaya har a warware matsala. Kalmar ta samo asali ne daga sunan Muhammad bin Musa al-Khwarizmi, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9.

Minti ashirin a shagon shan gahawa

Edsger Dijkstra, wanda aka haifa a Rotterdam a 1930, yana aiki ne a Cibiyar Lissafi ta Amsterdam lokacin da aka buƙaci ya nuna wa jama'a abin da wata sabuwar kwamfuta mai suna ARMAC za ta iya yi. Sai ya zaɓi tambayar da kowa zai fahimta: wace hanya ce ta fi kusa daga Rotterdam zuwa Groningen?

Kamar yadda ya bayyana daga baya, ya gano amsar ne cikin kimanin minti 20, yana zaune a wani shagon shan gahawa tare da matar da zai aura, ba takarda ba alƙalami.

Ya gwada dabarar a kan taswirar garuruwa 64 na ƙasar, amma bai wallafa ta ba sai a 1959, a wata maƙala mai shafi 3. Ya samu lambar yabo ta Turing a 1972, ya kuma rasu a 2002.

Yadda kwamfuta ke ganin taswira

A wurin kwamfuta, taswira raga ce ta ɗigo da layuka. Kowane ɗigo mahaɗa ce, kamar gari ko shataletale, kowane layi kuma hanya ce da ta haɗa mahaɗu biyu. A kan kowane layi ana rubuta lamba da ake kira nauyi, wadda za ta iya kasancewa kilomita, ko mintoci, ko kuɗin mai. Abin da ake nema shi ne hanyar da jimillar nauyinta ta fi ƙanƙanta.

Mai karatu zai iya tambaya, me zai hana kwamfuta ta gwada dukkan hanyoyin ta zaɓi mafi gajarta? Dalili shi ne yawansu. A unguwar da aka yanka rukuni 10 a tsaye da 10 a kwance, akwai hanyoyi 184,756 daga wannan kusurwa zuwa waccan, ko da mutum bai taɓa juyawa baya ba. Idan rukunin ya zama 20 da 20, adadin ya zarce biliyan 137.

Misali da motar asibiti

A ɗauka motar ɗaukar marasa lafiya za ta tashi daga asibiti zuwa wata makaranta. Daga asibiti zuwa tasha minti 2 ne, daga asibiti zuwa kasuwa kuma minti 4. Tsakanin tasha da kasuwa minti 1. Daga tasha zuwa makaranta minti 8, daga kasuwa zuwa makaranta kuma minti 5.

Da farko kwamfuta za ta rubuta sifili a kan asibiti, ta bar sauran wuraren a matsayin waɗanda ba a san nisansu ba. Sannan ta dubi maƙwabtan asibiti, ta rubuta 2 a kan tasha, 4 a kan kasuwa. Waɗannan lambobi na wucin gadi ne.

Daga nan sai ta ɗauki wurin da lambarsa ta fi ƙanƙanta, wato tasha, ta tabbatar da shi. Hujjarta ita ce, duk wata hanyar zuwa tasha dole ta ratsa kasuwa, wadda tuni ta ci minti 4, don haka ba za ta yi ƙasa da 2 ba.

Daga tasha, kasuwa ta zama minti 3, wanda ya gaza 4 ɗin farko, sai a goge 4 a rubuta 3. Makaranta kuma ta samu lambarta ta farko, wato 10.

Yanzu mafi ƙanƙanta ita ce kasuwa, sai a tabbatar da ita a kan 3. Daga can zuwa makaranta, 3 a tara da 5 ya ba da 8, sai a goge 10. Da aka tabbatar da makaranta, aiki ya kammala: asibiti, tasha, kasuwa, makaranta, cikin minti 8. Hanyar da ta fi yawan kwana ita ce ta fi sauri.

Daga takarda zuwa manhaja

Mai rubuta manhaja yana da shawara uku da zai yanke. Ta farko ita ce yadda zai adana taswirar. Tun da yake kowace mahaɗar titi tana da maƙwabta ƙalilan, an fi ajiye wa kowacce gajeren jerin maƙwabtanta da nauyin hanyar zuwa gare su.

Ta biyu ita ce yadda zai riƙa gano mahaɗa mafi ƙaramar lamba. Idan a kowane zagaye sai ya duba dukkan mahaɗu, to taswira mai mahaɗu miliyan 1 za ta buƙaci dubawa ta ɗaruruwan biliyoyi. Saboda haka ake amfani da wani tsari mai siffar dala, inda mafi ƙaramar lamba ke zama a ƙololuwa kodayaushe. Ciro ta da sake daidaita dalar ba ya wuce hawa 20 ko makamancin haka. A 1984 Michael Fredman da Robert Tarjan suka fito da wani nau'in wannan tsari da ya ƙara rage aikin a lissafe.

Ta uku ita ce tuna hanya. Duk lokacin da aka sauya lambar wata mahaɗa, ana rubuta daga inda aka shigo mata. A ƙarshe sai a bi sawu daga makaranta a koma baya har asibiti.

Akwai kuskuren da masu koyo suka cika yi, wato tsayar da lissafi da zarar an hango wurin da za a je. A misalin da ya gabata, da an yi haka da motar ta bi hanyar minti 10. Ƙa'ida ita ce a jira sai an tabbatar da wurin. Hakazalika, titin da ake bi ta gefe ɗaya kawai dole a rubuta shi ta gefe ɗayan.

Inda dabarar ke gazawa

Dabarar Dijkstra tana da sharaɗi guda: kada nauyin wata hanya ya yi ƙasa da sifili. Mintoci da kilomita ba sa saɓa wannan sharaɗi. To sai dai mota mai amfani da lantarki kan ƙara cajin batirinta idan tana gangara, don haka idan caji ake aunawa, gangaren zai iya samun nauyi ƙasa da sifili, kuma wurin da aka tabbatar zai iya samun hanya mafi sauƙi daga baya.

A irin wannan hali akan koma ga dabarar Bellman da Ford, wadda Lester Ford ya bayyana a 1956, Richard Bellman kuma a 1958. Ita tana sake bin dukkan layuka zagaye bayan zagaye har lambobi su daina sauyawa. Ta fi cin lokaci, amma ba ta tabbatar da komai da gaggawa.

Wata matsalar ita ce, binciken Dijkstra yana bazuwa ta kowace fuska, kamar ruwan da aka zuba a daɓe. A 1968 Peter Hart da Nils Nilsson da Bertram Raphael, masu aiki a kan wani mutum-mutumi mai suna Shakey a Cibiyar Bincike ta Stanford da ke Amurka, suka fito da dabarar A*. Ita tana ƙara ƙiyasin sauran tafiya a kan kowace lamba, domin bincike ya karkata zuwa inda aka nufa. Muddin ƙiyasin bai zarce ainihin nisan ba, amsarta daidai ce.

Ga taswirar nahiya guda kuwa, akan yi wani ɓangare na lissafin tun kafin a yi tambaya. Masu bincike a Jami'ar Karlsruhe ta Jamus sun wallafa irin wannan tsari a 2008, wanda ke ƙirƙirar gajerun layuka da ke tsallake ƙananan mahaɗu.

Har yanzu ana bincike

Amfanin dabarar bai tsaya ga tituna ba. Na'urorin da ke rarraba saƙonni a intanet ƙarƙashin tsarin OSPF suna amfani da ita wajen zaɓar hanyar da saƙo zai bi.

A 2025 wani rukunin masana ƙarƙashin Ran Duan na Jami'ar Tsinghua da ke ƙasar Sin ya nuna cewa, a lissafe, ana iya zarce saurin Dijkstra a kan manyan taswirori masu ƙarancin layuka, ba tare da an jera dukkan mahaɗu bisa nisansu ba.

Duk da haka, akwai abin da ya kamata matafiyi ya riƙe. Lissafin ba ya sanin komai sai lambobin da aka ba shi. Idan ambaliya ta cinye gada, ko wata hanya ta zama mai haɗari da dare, kuma ba a shigar da labarin cikin taswira ba, kwamfuta za ta ci gaba da nuna wannan hanya a matsayin mafi kusa. Shi ya sa, a wurin da mutum yake baƙo, tambayar direbobin tasha tana nan da amfaninta.