Dalilin da ya sa har yau ake ɗokin fitowar sabuwar kalkuletar kimiyya

Duk lokacin da raɗe-raɗi ya ɓulla cewa ɗaya daga cikin manyan kamfanonin ƙera kalkuletar kimiyya na shirin fito da sabon samfuri, akwai wani rukunin mutane a Amurka da Turai da Asiya da ke shiga zaman jira. Akasarinsu injiniyoyi ne da malaman lissafi da masu awon filaye, sai kuma masu tara tsofaffin na'urori. Hoto guda da ya fita kafin lokaci, ko sunan samfuri da wani dillali ya saka a jerin kayansa tun kamfani bai yi sanarwa ba, ya isa ya sa su shafe watanni suna muhawara a kan yawan maɓallai da girman fuska da irin batirin da za a sanya.

Mai wayar hannu a aljihu zai iya mamakin wannan ɗoki, tunda kowace waya ta fi waɗannan na'urori sauri nesa ba kusa ba. Sai dai abin da masu jiran ke nema shi ne kayan aikin da za su amince da amsarsa, wanda kuma yatsunsu suka haddace. Tarihi ya nuna musu cewa irin wannan ba ya fitowa sau da yawa, kuma idan aka daina ƙera shi, dawowarsa na iya ɗaukar shekaru ashirin.

Mafarin al'amarin

A watan Janairun 1972 ne kamfanin Hewlett-Packard na Amurka, wanda aka fi sani da HP, ya fito da HP-35, kalkuletar kimiyya ta farko da ake riƙewa a tafin hannu. An raɗa mata wannan suna ne saboda maɓallanta 35, kuma an sayar da ita dala 395. Bill Hewlett, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, shi ne ya nace cewa dole ta shiga aljihun riga, duk da cewa masu nazarin kasuwa sun yi hasashen ba za ta samu masu saye da yawa ba. A shekarar farko kaɗai an sayar da kusan guda 100,000.

Kafin wannan lokaci, injiniya kan dogara da wata rula mai zamiya wadda ba ta ba da amsa fiye da lambobi uku ko huɗu, ko kuma littafin jadawalin logaridim, irin wanda ɗaliban sakandare a Najeriya suka daɗe suna shiga jarrabawa da shi. Cikin 'yan shekaru kaɗan rular ta ɓace daga teburin injiniyoyi.

Wani abin da ya faru a farkon fitowar HP-35 shi ne ya ɗora harsashin amincin da ake magana a kai. An gano kuskure a lissafinta: idan aka ɗauki logaridim ɗin 2.02 sannan aka mayar da shi asalinsa, sai ta ba da 2 maimakon 2.02. Kamfanin ya sanar da waɗanda suka riga suka saya, ya kuma yi musu tayin musanya ba tare da biyan ko sisi ba.

Tsarin da ba shi da alamar daidai

Babban abin da masoya HP ke fara tambaya idan an ce sabon samfuri na tafe shi ne ko zai zo da tsarin da ake kira RPN. Tushen tsarin yana cikin aikin wani masanin ilimin manɗiƙi ɗan ƙasar Poland, Jan Łukasiewicz, a shekarun 1920. A nan ana fara shigar da lambobi ne, sannan a faɗa wa na'ura abin da za ta yi da su.

Misali, idan ana son haɗa 3 da 4 sannan a ninka sakamakon sau 5, a kalkuletar da aka saba sai an danna maɓalli takwas, har da baka biyu da alamar daidai. A tsarin RPN shida sun isa: 3, ENTER, 4, alamar tarawa, 5, alamar ninkawa. Nan take 35 za ta bayyana. Mai aiki yana ganin sakamakon kowane mataki, don haka idan kuskure ya shigo yana lura da wuri. Wanda ya yi shekara talatin yana lissafin ƙarfin gada ko wayoyin lantarki da wannan tsari ba ya son a sauya masa shi.

Jiran shekara ashirin da biyu

Babu samfurin da ya fi HP-15C nuna tsawon wannan jira. Ta fito a 1982 a kan dala 135, tana iya warware lissafi masu sarƙaƙiya da injiniyoyin lantarki ke buƙata, kuma ƙananan batiranta uku kan yi shekaru ba su ƙare ba. Farfesa William Kahan na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wanda ya samu lambar yabo ta Turing a 1989, yana cikin waɗanda suka tsara hanyoyin lissafinta.

An daina ƙera ta a 1989. Daga nan farashin tsofaffinta ya riƙa hawa a kasuwar gwanjo har ya haura kuɗin da aka sayar da ita tana sabuwa. Masoyanta sun yi ta kira ga kamfanin, har da tattara sa hannu, amma sai a 2011 aka sake fito da ita, cikin ƙayyadadden adadi. Murnar ba ta cika ba, domin an gano cewa umarnin da ke sa ta ɗan dakata ta nuna sakamako a tsakiyar aiki ba ya tafiya daidai. Sai da aka ƙara shekara goma sha biyu kafin wata ta fito a 2023, a hannun Moravia Consulting na Jamhuriyar Czech, ɗaya daga cikin kamfanoni biyu da HP ya ba lasisin ƙera kalkuletocinsa.

A tsakanin waɗannan shekaru wasu sun gaji da jira. Wani ƙaramin kamfani a Suwizalan mai suna SwissMicros ya shiga ƙera na'urori masu bin tsarin tsofaffin HP, ciki har da DM42 ta 2017, wadda ke riƙe lambobi 34 a lissafinta. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, kuma wannan kasuwa ta tabbatar da hakan.

Idan sabo ya zo da rashi

Ɗokin yana tafe da fargaba, domin fitowar sabon samfuri kan zama sanarwar mutuwar tsoho. Kamfanin Casio na Japan ya fito da fx-991EX a 2015, mai ayyuka 552, ta kuma samu karɓuwa sosai a makarantu. Da fx-991CW ta maye gurbinta, malamai da ɗalibai da dama sun koka cewa ayyukan da a da ake samu da danna maɓalli guda, kamar mayar da 3/4 zuwa 0.75, yanzu an sauya musu hanya, wasu kuma sai an bi jerin zaɓi kafin a kai gare su. A ɗakin jarrabawa, inda kowane minti ke da daraja, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Dokokin jarrabawa su ne ma suka fi riƙe wannan kasuwa da rai. A Amurka, hukumar NCEES da ke shirya jarrabawar lasisin injiniyoyi ta amince da 'yan samfura ne kawai: Casio fx-115 da fx-991, da TI-30X da TI-36X na Texas Instruments, sai HP 33s da HP 35s. An fito da HP 35s a 2007 domin cikar HP-35 shekara 35, kuma da aka daina ƙera ta, mai son shiga wannan jarrabawa da tsarin RPN ya koma neman ragowar da ke hannun dillalai a kan farashi mai tsada.

Abin da ya shafi ɗalibin Najeriya

A nan gida ma doka ce ke yanke hukunci. Hukumar WAEC ta yarda a yi amfani da kalkuletar da ba a iya adana umarni a cikinta, wadda ba ta ƙara kuma ba ta da igiya. Ita kuwa JAMB ba ta barin ɗalibi ya shiga da tasa, domin akwai wadda aka tanada a fuskar kwamfutar da yake rubuta jarrabawar. Saboda haka samfurin da ake ta yayatawa a ƙasashen waje na iya zama wanda mai sa ido zai karɓe a bakin ƙofa.

Matsalar da ta fi damun iyaye ita ce jabu. Samfura irin su fx-991ES Plus, da suka cika shagunan littattafai, suna cikin waɗanda aka fi kwaikwaya, kuma ta jabu kan yi jinkiri ko maɓallanta su mutu cikin ɗan lokaci. Ya kamata mai saye ya duba alamar tantancewa da ke jikin kwali, ya gwada kowane maɓalli a gaban mai shago, ya kuma tambayi malamin lissafi ko hukumar jarrabawa ta amince da samfurin.

Ɗalibin da jarrabawarsa ta matso bai kamata ya jira abin da ake ta raɗe-raɗinsa ba. Ya sayi wadda aka amince da ita tun da wuri, ya yi watanni yana aiki da ita, har yatsunsa su san inda kowane maɓalli yake kafin ranar da zai buƙace su.