Murhu da tanderu: itacen da ke ciyar da birni

Kafin ladan ya yi kiran assalatu, mutum biyu sun riga kowa tashi a unguwannin Maraɗi da Damagaram: mai burodi da mai masa. Mai burodi tun tsakar dare ya cusa faskare cikin tanderunsa na tubali, ya bar wuta tana ci. Ba shi da na'urar auna zafi, rufin tanderun yake kallo. Da farko hayaƙi kan baƙanta shi, amma idan zafi ya ratsa tubali sai baƙin ya ƙone, rufin ya koma fari. Sa'an nan ne zai janye garwashi, ya goge ƙasan da jiƙaƙƙen tsumma ɗaure a kan dogon ƙarfe, ya watsa ɗan gari ya gani. In garin ya ƙone nan take, sai a dakata. In ya yi ja sannu a hankali, lokacin zuba ƙullu ya yi.

Abin da mai saye ba ya lura da shi shi ne, harshen wuta ba ya taɓa burodin nan. Zafin da tubali ya sha ne yake mayarwa, kuma yana raguwa daga zubi zuwa zubi. Shi ya sa zubin farko yake fitowa da ɓawo mai ƙarfi, na ƙarshe ya daɗe a ciki ya fito fari-fari, kuma shi ya sa mai shayi da ya san kan sana'arsa yake aika yaronsa da wuri. Mai burodin da ya yi kuskuren wuta ya yi asarar buhun fulawa, fulawar da daga waje ake shigo da mafi yawanta, wadda kuɗinta ya yi tashin gwauron zabi tun da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu 1994.

A cikin gida kuwa, aikin ya fi haka wuya, ko da yake ba wanda ke kiransa sana'a. Tuwo ɗaya yana bukatar wuta iri uku. Ana son mai ƙarfi don ruwa ya tafasa a yi talge, ana son matsakaiciya lokacin tuƙi don kada gindin tukunya ya kama, sa'an nan a zare itace a bar garwashi kaɗai tuwo ya sulala. Uwargida ba ta da makunnin da za ta murɗa. Tura itace da janye shi ne duk dabararta, hannu ɗaya a kan muciya, ido a kan tukunyar miya da ke gefe. Ta san itatuwa kamar yadda ɗan kasuwa ya san atamfa. Geza da taramniya suna ci da kyau suna barin garwashi. Sabara ta fi kyau ga kunna wuta da girkin gaggawa. Ƙirya ta maƙera ce, gawayinta ne ke narka ƙarfe. Tumfafiya da karan hatsi da kashin shanu kuwa, duk gidan da aka gan su a murhu, ba sai an tambayi halin da ake ciki ba.

Mai masa ita ma da nata ilimi: tandarta tana son wuta shimfiɗaɗɗa, domin in zafi ya taru a tsakiya, gurabun tsakiya za su ƙona, na gefe su bar ƙullu ɗanye.

To amma murhun duwatsu uku, duk da gwanintar masu amfani da shi, ɓarna gare shi. Daga zafin da itace ke bayarwa, abin da ke shiga tukunya bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Sauran iska ke kwashewa, musamman lokacin hunturu da ake girki a filin tsakar gida. Ma'aikacin da ke ƙirga kuɗin cefane kowace safiya ya kamata ya tsaya a nan: a cikin kowane dami goma da ya saya, takwas da wani abu sararin sama suka ɗumama.

Wannan lissafi ne ya sa, bayan farin 1973 da na 1984, gwamnati da ƙungiyoyin taimako suka shiga yaɗa murhun zamani. Aka fito da Mai Sauƙi, na ƙarfe, wanda maƙeran birni ke ƙerawa daga tsofaffin durom da farantan mota, kowane murhu da lambar tukunyarsa. Aka koya wa matan karkara gina Albarka da laka. Dabararsu ɗaya ce: a kewaye wuta da bango, a tilasta zafi ya bi jikin tukunya kafin ya fita. Suna rage cin itace, babu shakka, in an yi amfani da su bisa ƙa'ida. Sai dai waɗanda suka tsara su ba su zauna gidan mutum ashirin ba. Tukunya ta canza, murhu bai dace da ita ba. Ƙarfe ya ci wuta ya ɓule. Damina ta zubar da na laka. Ranar suna ko biki kuwa, babbar tukunya ba ta da mazauni sai duwatsu uku. Masu burodi da masu gashin nama, waɗanda ke ƙona itace da amalanke, kusan ba a waiwaye su ba.

Babban sauyi ta wajen daji ya zo. Har ƙarshen shekarun 1980, mai kamiyo daga birni kan yanki takardar izini, ya shiga dajin da ya ga dama da masu gatarinsa, ya loda ya tafi, mutanen ƙauyen da ke bakin dajin suna kallo. Dokar 92-037 ta 21 ga Agusta 1992 ta kafa kasuwannin itace na karkara: ƙauye ne ke sara bisa adadin da aka yanka masa a shekara, ya jera itacen a auna, ɗan kasuwa ya zo ya saya. Harajin itacen da ya fito daga dajin da ake kula da shi ya fi sauƙi bisa ga na saran barkatai, kuma wani kaso na kuɗin yana zama a ƙauye. Dajin Baban Rafi, kudu da Maraɗi, yana cikin wuraren da aka yi wannan tsari. Dokar ta yi kyau a takarda, ta kuma yi aiki a wurare da dama, amma amalanken da ke shigowa gari da dare ta bayan shinge ba ta taɓa daina shigowa ba, kuma kowa ya san cewa shinge da yawa ana wuce shi da gaisuwa.

Abin mamaki, taimakon da ya fi girma bai fito daga ofis ba. Daga 1983, wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya shiga jan hankalin manoman jihar Maraɗi su daina tumɓuke tohon kututture lokacin sassabe, su zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi su bar su su girma. Manoma suka sa masa suna sassabin zamani, suka koya wa juna daga gona zuwa gona. Binciken da aka buga a 2009 ya ƙiyasta cewa eka-eka har hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200, yawanci a jihohin Maraɗi da Damagaram. Matar da a da take yini a daji neman ƙirare, yanzu a gonar gidansu take samun rassan da aka datse.

Da aka buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram a watan Nuwamba 2011, wasu sun ɗauka kwanan itace ya ƙare. Gaz na gida ya samu, aka tsaida farashin cika butali mai kilo 6 a kan sefa 1.800, mai kilo 12,5 a kan 3.750, gidajen ma'aikata da na ƴan kasuwa da yawa suka sayi butali. In aka yi lissafin wata, gaz ya fi itace araha a birni. Amma talaka ba da wata yake lissafi ba. Butalin farko da kansa na ƙonawa suna son kuɗi dunƙule, itace kuwa ana sayen na dala ashirin a dafa abincin rana. Ta haka wanda ya fi kowa rashi shi ne ke biyan wuta mafi tsada. Ko a gidan da ke da butali, shayi da ɗumame da miya ne na gaz. Tuwo da wake da ruwan wankan jego suna nan kan murhu. Duk lokacin da matatar ta tsaya don gyara, layin butali ya yi tsawo, mai faskare na bakin hanya ya ƙara kuɗi.

Akwai kuma bashin da ba a rubuta shi a littafin cefane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3,2 a duniya a shekarar 2020, ta hanyar ciwon huhu da na zuciya da shanyewar jiki. Wanda ya fi shaƙarsa shi ne jaririn da ke goye a bayan mai tuƙa tuwo, kansa daidai inda hayaƙi ke tashi. Maigidan da ya kashe miliyoyi ya gina falo da siminti, sau da yawa madafin gidansa ɗan ɗaki ne a lungu, mai ƙofa ɗaya, ba taga, bangonsa baƙi ƙirin. Taga biyu masu fuskantar juna a sama da murhu, da rumfar da za a shanya itace ya bushe kafin damina, kuɗinsu bai kai na kujera ɗaya ta falon ba.