Karen Bana da Cinikin Biri a Sama

Wani maƙwabcina a unguwar Bosso ta Minna ya tare ni bayan sallar La'asar ya ce, "Malam, yara sun hana ni sakat sai na sayo musu kwikwiyon nan da ake jefa wa ƙwallo ya ɗauko, ga shi wani ya turo mini hoto ta waya daga Legas, wai in aika kuɗi ya sa shi a mota." Na ce, "Alhaji, ai wannan shi ne cinikin biri a sama." Tun da aka ce da kare tuwo ya yi yawa a gidan biki ya ce a gani a ƙasa, bai kamata mai neman kare ya gaza kare wayo ba.

Shi wannan kare da ake kira Labrado, kakanninsa bayin masunta ne a tsibirin Newfoundland na ƙasar Kanada, inda sukan faɗa ruwan sanyi su jawo igiyar taru, har sarakunan farauta na Ingila suka yi sha'awarsu a ƙarni na 19, suka raine su don ɗauko tsuntsun da aka harbo. Ɗan'uwansa mai gashi ruwan zinariya kuwa a Sikotilan aka fara samun zuriyarsa cikin 1868. Baiwar Labrado tana ga bakinsa, gama yakan ɗauko agwagwa ya dire ta gaban ubangidansa ba tare da haƙori ya huda fatarta ba. Har cewa ake yi yana ɗaukar ɗanyen ƙwai bai fasa ba, amma ni da na ga haɗamarsa a kan akushi, ba zan ba shi ajiyar ƙwan gidana don jarrabawa ba. An ce karen bana shi ke maganin zomon bana. To, wannan karen banan ba ya maganin ɓarawon bana, domin duk wanda ya shigo gida masoyi ne a wurinsa.

Abin da ya fi tsaya wa Alhaji a rai, da muka zauna, ba kuɗin ba ne, hukuncin cinikin ne, kuma yana da hujja, saboda hadisi ya yi hani ga cin kuɗin kare, shi ya sa da yawa daga iyayenmu ba su sayen kwikwiyo, sai dai a roƙa a gidan da karya ta haihu. Sai dai mas'alar ba ta rufu ba kamar yadda ake zato. Mai Risala, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, bayan ya kawo hanin, ya bayyana cewa malamai sun yi saɓani game da karen da shari'a ta yi izinin riƙewa, wato na farauta da kiwo da gona, an kuma ruwaito cewa ɗaya daga cikinsu, Sahnunu, ya halatta sayar da irin wannan har a yi aikin hajji da kuɗinsa. Ana ba da hikaya cewa shi kansa mai Risalar ya ajiye kare sa'ad da katangarsa ta faɗi, da aka tuna masa karhancin Imamu Malik, sai ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Inda gizo ke saƙar shi ne, Labradon da aka sayo don wasan yara, shin karen farauta ne saboda asalinsa, ko kuwa abin shagala ne saboda aikinsa? Ni dai na karkata ga cewa aiki ake dubawa ba nasaba ba, na kuwa gaya wa Alhaji ya kai maganar gaban malaminsa, ya kuma yi wa karen ɗaki a tsakar gida nesa da wurin salla.

Da ya samo fatawar da ta kwantar masa da hankali, sai neman gida na gari. Wani tsohon maharbi Bagwari ya taɓa nuna mini yadda suke zaɓe: ya cafki ƙeyar kwikwiyo ya ɗaga sama, wanda ya yi kuka matsoraci ne, wanda ya yi tsit jarumi, sa'an nan ya buɗe bakin ya duba ganda, in baƙa ce to mafaɗaci ne. Na ce, "Baba, in mara lafiya ne ya rasa ƙarfin kukan fa?" Ya yi dariya bai amsa ba. Abin da na gaskata shi ne barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: a je a ga uwar da ido, a ga tafiyarta, gama ciwon ƙugu gado ne a wannan zuriya, kada a raba ɗa da nono kafin mako 8, a nemi katin allura mai sa hannun likitan dabbobi, a kai masa ya tabbatar, domin cutar gudawar jini takan kashe kwikwiyo cikin kwanaki kaɗan, allurar haukan kare kuma, wadda cibiyar Vom ta jihar Filato take yi, wajiba ce da zarar ya kai wata 3. Wanda ake tallarsa cikin kwali a bakin titi, ba uwa ba kati, araharsa ba ta ado.

Alhaji ya sami nasa a wani gida wajen Tunga, bayan ya je sau biyu ya ga uwar. Da zafin Maris ya sauko, wanda a Minna yakan kusanci digiri 40, sai karen ya mai da bahon wankin matar gidan mazauninsa, ba ya fita sai Magariba. Ranar Juma'ar da ta wuce na tuɓe takalmi a ƙofar zauren Alhaji, ko gaisuwa ba mu gama ba sai ga shi ya shigo da wari ɗaya a baki, ya ajiye a gabana yana kaɗa wutsiya, babu ko ƙwarzanen haƙori. Na san yawun kare mai tsarki ne a mazhabarmu ta Malikiyya, amma duk da haka sai da na roƙi buta.